Amsa ga mai son karatun lisansi daga gida alhali tana da goyo

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun shekaranjiya na ga tambayarki, amma na dakata sai da na samu zama, domin ba irin tambayar da ake sallama da "Allah ya ba da sa'a" ba ce. Kin ce kin samu BAC tun 2016, aure ya zo ya tsayar da karatu, yanzu kina Tahoua da yara uku, ƙaramin yana shan nono, kuma kina so ki sani ko mace a wannan hali za ta iya yin lisansi ta intanet ba tare da gidanta ya lalace ba. Ni na bi wannan hanya a nan Yamai daga 2021 zuwa 2023, da yara huɗu da aikin ofis. Bambancina da ke shi ne ina riƙe da BTS, wato difloma ta shekara biyu bayan BAC, tun kafin aure, saboda haka shekara ta uku kawai ta rage mini, ke kuwa duka ukun ne a gabanki.

Zan fara da lissafi, tunda shi ne sana'ata, kuma shi ne abin da masu tallan makarantu ba sa so a yi. A tsarin LMD (lisansi, masta, dakta) da jami'o'inmu ke bi, lisansi kiredi 180 ne, wato 60 a kowace shekara, kuma kiredi ɗaya yana nufin aikin ɗalibi na awa 20 ko fiye, a haɗa da sauraron darasi da bita da rubuta aikin gida. Shekara ɗaya ke nan awa 1,200 a ƙalla. Idan kika raba su a kan wata tara, za ki ga kusan awa 30 ne kowane mako. Karatu daga nesa ya ɗauke miki kuɗin taksi da zaman aji, amma bai rage ko minti ɗaya daga waɗannan awoyi ba. Ni da na zauna da biro da takarda na tattara duk abin da zan iya tsamowa daga makona, awa 15 zuwa 16 na samu, kuma haka aka yi: shekarar da aka rubuta guda ɗaya, biyu ta ci mini. Da na yarda da wannan lissafi tun ranar farko, da ban yi kukan da na yi a watan Janairun farko ba, lokacin da na ga abokan karatuna marasa iyali sun wuce ni da darussa uku har na fara zaton kaina ne ya toshe.

Awoyin nan kuma ba a ƙasa suke ba balle ki tsinta. Kowace awa da za ki ba littafi, a hannun wani za ki karɓe ta: ko maigida, ko yara, ko dangi, ko barcinki. Shi ya sa nake ganin maganar da za ki yi da maigidanki ta fi zaɓen makaranta muhimmanci. Kuskuren da na yi shi ne na nemi izini kawai, ya ce ya amince, har ya biya kuɗin rajista, na ɗauka an gama. Ashe a zuciyarsa karatun wani abu ne da zan riƙa taɓawa a waya idan na gama komai, mu kuwa mata mun san ranar gama komai ba ta zuwa. Sai bayan wata biyu na sake zaunar da shi, na ce, "Baban yara, ba izini na zo nema ba yau, ranar Asabar nake roƙo, daga takwas na safe zuwa azahar, kai da yara, ni kuma kamar na yi tafiya." Ya yi dariya, amma ya karɓa, kuma tun daga ranar ya zama duk Asabar yana kwashe manyan zuwa gidan Hajiyarsu a Bukoki. Ita ma Hajiya da ƙafata na je na durƙusa na yi mata bayani, domin na san idan ta ji daga bakin wani cewa surukarta ta rufe ɗaki tana kallon kwamfuta an bar mata jikoki, labarin zai zo mata a karkace. Ki ambaci rana, ki ambaci awa, ki faɗi wanda zai riƙe yaro da abin da za a ci a ranar. "Zan taimaka miki" magana ce mai daɗi, amma ba a gina jadawali a kanta.

Sauran awoyin daga dare na yanko su. Na gwada karatu bayan isha'i, na tarar shafi ɗaya nake maimaitawa har wayar ta faɗo mini a fuska, sai na koma tashi ƙarfe huɗu. Tsakanin huɗu da kiran asuba gida shiru, iska ta ɗan yi sanyi, intanet ma ya fi gudu. Autata tana da wata takwas a lokacin, kuma da na motsa sai ta farka, don haka na daina yaƙi da ita: in ba ta nono, in goya ta, in ɗora kwamfuta a kan firji, in yi karatu a tsaye ina jijjiga. Darasin dokokin haraji kusan duka a tsaye na koye shi, kuma har yau littafin da na rubuta shi a ciki yana da tabon koko a shafi uku. Abin da ya sa wannan tsari ya ɗore shi ne kwanciya ƙarfe tara da rabi ba fashi, ko da kwanuka sun kwana ba wanki.

Akwai wani abu da nake jin kunyarsa, amma gara in faɗa. Babbar ƴata tana CM1 a shekarar, kuma ba tare da na lura ba na mayar da ita uwa: ɗauki ƙanwarki, duba tukunya, yi wa wane wanka. Sai da malaminsu ya aiko a kira ni, ya nuna mini makinta na lissafi ya faɗi, ya ce tana gyangyaɗi a aji, sannan na gane ina gina karatuna ne da tubalin nata. Na ɗauko wata dattijuwa maƙwabciya ina biyanta ta riƙe mini ƙaramar da yamma. Ki sa kuɗin mai reno a cikin kuɗin makaranta tun farko, kada ki bar shi a wuyan yarinya.

Game da makaranta kuwa, kafin ki fitar da ko dala, ki tabbatar takardar da za su ba ki gwamnati ta san da ita. Wata abokiyar aikina ta biya wata makaranta mai zaman kanta shekara biyu, sun yi mata alkawarin digirin wata ƙasar waje, ranar da ta kai takardar neman ƙarin matsayi aka ce ba a san ta ba. Hukumar CAMES, mai tantance takardun jami'o'i a ƙasashen Afirka da dama, wadda mazauninta ke Wagadugu, tana da jerin takardun da ta amince da su, kuma ki lura cewa takarda ake amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta dungurungum ba. Makaranta tana iya samun amincewa a fannin lissafin kuɗi, fannin shari'arta kuwa babu. Ki nemi cikakken sunan takardar a rubuce, ki duba jerin, sannan ki tambayi Ma'aikatar Ilimi mai Zurfi ko za ta daidaita ta da tamu. Ni ta hanyar AUF, ƙungiyar jami'o'in da ke aiki da Faransanci, na samu nawa, wata jami'ar Faransa ce ta koyar, muka rubuta jarrabawa a cibiyarsu da ke Jami'ar Abdou Moumouni, a ƙetaren kogi. Sai dai mafi yawan abin da na gani a jerinsu shekara ta uku ne da masta, wanda bai dace da mai BAC kaɗai ba, kuma hulɗar ƙasarmu da Faransa ta sauya tun 2023. Tunda kina Tahoua, ki fara leƙa Jami'ar Djibo Hamani, wadda ke da sashen shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, ki ji abin da suke da shi ga irinki, ko da don ki samu ma'aunin kwatanta kuɗi da tsari. Kowace makaranta kika zaɓa, ki tambaya a ina ake rubuta jarrabawa, domin idan a Yamai ne, tafiyar fiye da kilomita 500 ce da jariri a cinya, da masauki, wataƙila sau biyu a shekara. Idan kuma da yuro suka faɗi kuɗin, ki ninka da 656 ki ga nawa ne a sefa kafin ki yi murna.

Wata ƙaramar magana ta taɓa cinye mini darasi guda, ita ce agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da Faransa, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya. A azumin 2022, farkon Afrilu, an ce a miƙa wani aiki kafin sha biyun dare. Na gama shi tun la'asar, na ce bari in yi buɗa-baki, a yi asham, in kwantar da yara, in sake dubawa. Sha ɗaya da minti goma na zauna zan tura, na tarar an rufe, domin a can sha biyu ta gota. Laifina ne, ba na kowa ba. Idan makarantarki a Dakar take ko Abijan ko Wagadugu, su kuma awa ɗaya suke bayanmu. Tun daga ranar nake tura kowane aiki kwana guda kafin wa'adi, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa. Ki riƙa sauke darussa a waya idan layi ya yi kyau, ki ajiye layin kamfani biyu, ki sayi batirin cajin waya mai ƙarfi. Waya ta isa sauraro da karatu, amma rubuta kundin ƙarshe sai da kwamfuta, ko da wadda wani ya riga ya yi amfani da ita ce.

Damina ma ki sa ta a lissafi. Daga Agusta zuwa Oktoba da wuya gida mai yara ƙanana ya tsira daga zazzaɓin cizon sauro. A Oktoban 2022 na kwana huɗu a asibiti da ɗana na uku ana ƙara masa ruwa, na tafi da takardu a jaka, ban buɗe ko ɗaya ba, kuma ban yi nadama ba. Abin da ya cece ni shi ne a rana ta biyu na rubuta wa malamin da ke kula da mu saƙo na layi uku, na haɗa da hoton takardar likita, ya ɗaga mini wa'adi. Malaman nesa ba sa ganin fuskarki. Idan kika yi shiru, a wurinsu kin daina ne. Ki kuma tambaya tun wuri ko suna da zagaye na biyu na jarrabawa, da ko kiredin da kika ci yana zama naki idan kika maimaita shekara.

Biki da suna kuwa, na tsayar wa kaina ƙa'ida: gaisuwar mutuwa da dubiya ba na fashi, biki in aika gudummawata, foyandin unguwa in ba da zubina in ba da haƙuri. An yi maganata, an ce boko ya hau mini kai, bayan wata shida aka gaji.

Tunda shekaru sun ja tun da kika bar lakwal, hannunki zai yi nauyi a rubutun Faransanci, haka nawa ya yi, kuma yakan saki bayan wata biyu ko uku. Shawarata ita ce kada ki biya komai tukuna. Ki ɗauki wata ɗaya ki yi gwaji: ki tashi ƙarfe huɗu, ki karɓi Asabar ɗinki, ki ɗauko tsohon littafinki na ajin ƙarshe, ki riƙa rubuta awoyin da kika samu a bayan kalanda. Idan sun kai 15 a mako, ki yi rajista da niyyar shekara biyar ko shida a maimakon uku, ki nemi makarantar da ta yarda a raba shekara. Idan ba su kai 10 ba, ki jira ki yaye yaron, rajistar baɗi tana nan. Idan kin samu sunan takardar da suke bayarwa ki rubuto shi yadda yake, zan duba miki jerin CAMES daga ofis. Ki gaida maigida da yara.