Yadda Ake Neman Abu da Sunansa a Manhajar R

Tambaya: Malam, ina amfani da manhajar R wajen nazarin alƙaluman bincikena. Sau da yawa nakan tuna wani ɓangare na sunan umarni ko na teburin da na adana, amma cikakken sunan sai ya kwanta mini. Ko akwai hanyar da zan nemo shi?

Amsa: Akwai, kuma ba ɗaya ba ce, amma ba za ka zaɓi wadda ta dace ba sai ka san inda R ke dubawa. Duk lokacin da ka ambaci suna, manhajar takan fara da filin aikinka, wato .GlobalEnv, sannan ta bi ƙunshe-ƙunshen da aka loda (ƙunshi, ko package, tarin umarnai ne da aka haɗa wuri guda) ɗaya bayan ɗaya har ta dire a kan base, ƙunshin tushe na R. Umarnin search() zai nuna maka wannan jeri.

Idan guntun sunan kawai ka riƙe, apropos() ne maganinka, domin yana ratsa jerin gaba ɗaya. Rubuta apropos("mean") zai fito maka da mean, colMeans, rowMeans, weighted.mean har da kmeans, saboda ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami sai ka umarce shi. Abin da ka sa tsakanin alamomin zance tsari ne na daidaita haruffa, don haka "^mean" zai kawo sunayen da suka fara da kalmar kaɗai, "mean$" kuma waɗanda suka ƙare da ita. Ka kula da ɗigo, domin a wannan tsari yana wakiltar kowane harafi ne, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe.

Game da teburinka, idan guntun sunan da ka tuna shi ne dat, ls(pattern = "dat") ya isa, tunda filin aikinka kawai yake dubawa.

Wanda na fi so ka riƙe da kyau shi ne find(), wanda ke karɓar cikakken suna ya faɗa maka inda abin yake. Da zarar ka loda ƙunshin dplyr, find("filter") zai nuna maka ƙunshe-ƙunshe biyu, dplyr da stats, kuma na farko a jerin shi ne R zai yi aiki da shi. Wannan rufewar da wani suna ke yi wa wani tana iya sauya abin da lissafinka ke yi ba tare da ka lura ba, shi ya sa nake ba da shawarar rubuta stats::filter a fili idan shi ake nufi.

Idan duk waɗannan ba su samo komai ba, mai yiwuwa ƙunshin yana kan kwamfutarka amma ba a loda shi ba. A nan sai ka rubuta ??mean, wanda ke bincika takardun bayani na duk ƙunshin da aka girka. Abubuwan da ƙunshi ya ɓoye a cikinsa kuwa, irin su t.test.default, getAnywhere() ne ke zaƙulo su, muddin an riga an loda ƙunshin.