Kek ba ƙwai ba madara, ai ba baƙon abu bane a gara

Wa'alaikumussalam ɗiyata, naga saƙonki tun jiya. Kince ƙwai yayi tsada, madara ma haka, kina tambaya ko abin kunya ne kuyi kek ɗin garar ƙanwarki ba ƙwai ba madara, kar dangin miji suce kunyi rowa. Toh saurara ki ji.

Ita gara tun asali guzuri ce ake kai ma amarya gidan mijinta, buhun shinkafa, mai, gishiri, daddawa, sannan kayan zaƙi da zata riƙa fitar ma baƙi da dangin miji, ana so abu yayi sati da sati bai canza ba, kinga kuwa lokacin mu wa yake da firij? Shiyasa alkaki da gireba suka zauna daram a gara. Alkaki ɓarzajjen alkama ne, a kwaɓa a barshi ya kwana yayi tsami, a murza a soya a tsoma cikin ruwan sukari da tsamiya ko zuma, ba ruwansa da ƙwai. Gireba kuma fulawa ce da sukari da man gyaɗa, a barbaɗa riɗi a kai a gasa, kina sa ta a baki tana narkewa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan rowa, wallahi babu. Kek ne ma baƙo, daga baya ya shigo mana.

Su kansu Turawan da suka kawo shi, a Amurka lokacin da tattalin arzikinsu ya karye bayan 1929 haka matansu suka riƙa yinsa da ruwa da mai kawai, kuma yana tashi.

In shi kike so ga yadda zakiyi. Fulawa gwangwani 3, sukari 1 da rabi, man gyaɗa rabin gwangwani, bekin soda cokalin shayi 1, ɗan gishiri, garin citta ko kirfa saboda ƙamshi, ruwa kamar gwangwani 2. Ruwan lemun tsami babban cokali 2 shi zaki zuba ƙarshe, don shi ne in ya haɗu da sodar yake kumfa ya ɗaga ƙullin, aikin da ƙwai zaiyi kenan, saboda haka kar ki zuba ki tafi hira, ki juya sama-sama ki zuba a gwangwanayen da kika shafa ma mai ki sa a wuta nan take. In ba oven ki zuba yashi a gindin tukunya yayi zafi, ki jera su ki rufe, garwashi kaɗan a ƙasa kaɗan a kan murfi. Ki soka tsinke, in ya fito fes ya gasu.

Amma fa wannan kek ɗin yana da danshi, da zafin nan bazai wuce 'yan kwanaki ba, kiyi shi daidai na ranar kai gara a raba a cinye. Na ajiya ki cika mata bokiti da gireba da alkaki. Ki gaida mamanki, kice mata ta sayi alkamar da wuri a kai ɓarzo.