Amsa kan sabon filin Everton da tsohuwar tashar jiragen ruwan da aka cike

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne sabon filin wasan Everton ne ya jawo aka cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya, kuma ko ribar da aka samu ta kai a bar tsohon filin ƙungiyar, Goodison Park. Na ga amsoshin da suka gabata sun rabu gida biyu: wasu na cewa an binne tarihi saboda ƙwallo, wasu na cewa ai kango ne aka raya. Na daɗe ina zaune a arewacin birnin, kuma tun ranar da Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya zura wa Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995 nake goyon bayan ƙungiyar, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Batun UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da jerin, shekarun kaɗai sun isa su warware rabin gardamar. An saka bakin ruwan Liverpool a jerin ne a 2004. A 2012 aka mayar da shi cikin wuraren da ke fuskantar haɗari saboda shirin Liverpool Waters na gina dogayen benaye a tsofaffin tashoshin arewa, kuma a lokacin Everton ba ta ma zaɓi wurin ba, sai a 2017. Da kwamitin UNESCO ya zauna a Fuzhou ta ƙasar Sin a watan Yulin 2021 ya cire birnin da ƙuri'a 13 da 5, an ambaci filin cikin dalilai, ba a ɓoye ba. Ke nan filin yana da nasa kaso na laifin, amma ya zo ne ya tarar ruwa ya riga ya kai wa birnin wuya.

Abin da yawancin masu gardamar ba su taɓa gani ba shi ne yadda wurin yake kafin a fara aiki. Tashar jiragen ruwa ta Bramley-Moore, inda aka gina filin, an buɗe ta a 1848, injiniya Jesse Hartley ne ya tsara ta, kuma aikinta mafi girma lodin kwal ne, har harkar ta mutu a 1988. Na sha bin titin Regent Road da ƙafa a shekarun baya. Abin da za ka gani katanga ce ta manyan duwatsu wadda ta fi tsawon mutum biyu, da ƙofa a garƙame, sai ka kafa ido a tsagar ƙofar kafin ka hango ruwa a kwance da hasumiyar bulo ta 1883, wadda a da take ba na'urorin tashar ƙarfi, ciyawa ta tsiro a jikinta. Gefe guda kuma matatar ruwan bahaya ce ta birnin. Wani dattijo maƙwabcina, wanda mahaifinsa ya yi dako a waɗannan tashoshi, ya faɗa mini cewa bai taɓa taka cikin wurin ba tun yana yaro sai da ya je da tikitin kallon ƙwallo. Wannan shi ne ya sa nake goyon bayan ginin: tarihin da ake cewa an ƙwace wa mutanen unguwar, tun asali a bayan kwaɗo yake.

Sai dai ba na tare da 'yan'uwanmu magoya baya masu cewa ba a yi asarar komai ba. Tashar jirgi ruwa ce, kuma ruwan nan ya tafi. An cike ta da yashin da aka haƙo daga teku, kimanin kubik mita 480,000. Gaskiya ne an bar bangayen tashar a ƙarƙashin yashin ba a fasa su ba, an gyara hasumiyar, an kuma bar siririn mashigin ruwa ta yamma, kuma ana cewa wata rana za a iya tono komai. Wannan magana ce ta lallashi, domin babu mai rushe ginin da ya ci fiye da fam miliyan 700 don ya maido da tafki. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, Historic England, da ta ƙi amincewa da shirin tana da hujja: tashoshin Stanley, Collingwood, Salisbury, Nelson da Bramley-Moore duk a shekara ɗaya aka buɗe su, a haɗe suke aiki kamar ɗakunan gida ɗaya, kuma idan aka toshe ɗaki guda fasalin gidan ya canza. Ita kanta katangar sai da aka huda mata ƙofofi don dubban mutane su samu hanyar shiga.

A nan zan ɗan ratse. Shi John Bramley-Moore da aka sa wa tashar sunansa ya tara dukiyarsa ne a kasuwancin Barazil lokacin da bauta ke ci a can, kuma Liverpool ta taɓa zama babbar tashar cinikin bayi ta Birtaniya. Duk lokacin da na ji ana kiran wurin gadon kakanni sai in tuna cewa a wannan gadon akwai kason da ya shafe mu, ba ta fuskar daɗi ba.

Inda ni na fi jin zafin rabuwa shi ne Goodison. Daga 1892 har zuwa 2025 ƙungiyar ta zauna a can, bayan rigimar kuɗin haya ta raba ta da Anfield. Fili ne da gidajen talakawa suka kewaye ta kowane ɓangare, ga cocin St Luke a maƙale a kusurwa, ga kujerun katako, ga ginshiƙan ƙarfe da ke tare maka raga ɗaya har sai ka karkata wuya, ka karanta a fuskar na kusa da kai ko an ci. Muna son sa a haka, amma mutum kusan 39,000 kawai yake ɗauka kuma babu inda za a faɗaɗa shi. An gwada shirin komawa King's Dock, a bakin ruwan birnin, abin ya rushe a 2003, an gwada Kirkby, wadda take wajen iyakar birnin, gwamnati ta hana a 2009. Da Kirkby ta tabbata, da yanzu muna kallon ƙwallo a gefen babban kanti. Waɗanda nake tausaya wa su ne masu shaguna da gidajen abinci na County Road, waɗanda ranar wasa ce kasuwarsu. Ƙungiyar mata ta gaji filin, amma taronta bai kai wancan ba, kuma ba na jin ana ambaton masu shagunan a gardamar tarihi.

Iliman Ndiaye na Sanagal ne ya ci wa ƙungiyar maza ƙwallaye biyun ƙarshe a Goodison ranar 18 ga Mayun 2025, shi ne kuma ya ci ta farko a gasar Firimiya a sabon filin ranar 24 ga Agusta, da Brighton. Filin, wanda yanzu ake kira Hill Dickinson, yana ɗaukar sama da mutum 52,000, kuma ɓangaren kudu a tsaye yake ƙyam, ihu yana saukowa kan 'yan wasa kamar ruwan sama. Matsalarsa fita: tashar jirgin ƙasa mafi kusa ƙarama ce, na taɓa tsayawa a layi cikin iskar kogin Mersey har yatsuna suka sandare.

Tun daga wannan rana, da ƙafa nake zuwa daga tsakiyar gari, kuma idan Allah ya kawo ka haka zan ba ka shawara. Za ka wuce katafaren sito na taba da aka gina a 1901 a tashar Stanley, ka hango hasumiyar Victoria mai agogo shida da matuƙan jirage suke daidaita lokaci da ita, sannan ka shiga ta cikin katangar Hartley. Ka zo da rigar sanyi mai kauri ko da a watan Agusta ne.