Maɗaurin Azurfa Mai Tambarin 830S: Shekarunsa Nawa?

Tambaya: Na sayi wani tsohon maɗaurin riga mai ɓari biyu, ɗaya da ƙugiya ɗaya da zobe, kuma a bayansa an buga 830S. Mai sayarwa ya ce ya haura shekara 200. Shin azurfa ce ta gaske, kuma maganarsa tana kan hanya?

Amsa: Wannan tambari galibi na ƙasar Norwe ne, kuma yana nufin cewa a cikin kashi 1,000 na ƙarfen, 830 azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa domin ya yi ƙwari. Irin wannan maɗauri ana ɗinka kowane ɓari nasa a gefe guda na wuyan mayafin ulu mai kama da alkyabba, wanda ake yafawa a kan kayan gargajiyarsu da ake kira bunad, musamman ranar 17 ga Mayu, ranar bikin ƙasarsu.

Sai dai batun shekara 200 ba zai tsaya ba. Dokar 1891 ce ta kawo wannan ma'auni, aka fara aiki da ita a 1892. Kafin nan maƙeran fari na can suna auna azurfa ne da wani ma'auni mai suna lod, inda 16 ke nufin tsantsa, shi ya sa ake ganin 13 a kan kayan da suka girmi dokar. Tambarin yana nuna cewa maɗaurinka bai riga 1892 ba, amma bai faɗi shekarar ƙira ba, domin an ci gaba da buga shi a ƙarni na 20, lokacin da bunad ya sake samun karɓuwa bayan ƙoƙarin marubuciyar Norwe Hulda Garborg. Ka nemi ƙaramin tambarin maƙeri kusa da lambar, shi ne zai taƙaita maka zamanin.

Ni na fi amincewa da ƙugiya a kan kowane tambari, domin maɗaurin da ya daɗe yana ɗaukar nauyin ulu, cikin ƙugiyarsa yana cinyewa ya yi santsi, ramukan ɗinki kuma su ɗan faɗaɗa. Idan ka ga liƙi mai launin toka, an gyara shi da dalma, kuma hakan yana rage masa daraja ƙwarai.

Baƙin da ke jikinsa daga farar wutar da ke cikin iska da ulu yake. Ka goge saman kawai da ƙyalle mai laushi, ka bar baƙin da ke cikin lungunan zane, domin masu tara irin waɗannan kaya ba sa son wanda aka ƙwalƙwale.