Shekarata 46 ina jifa a kurket: in ajiye ƙwallo ko in ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina sakandare nake jefa ƙwallo a wasan kurket, yanzu shekarata 46. Ƙungiyarmu ta sha'awa ce, ba a biyan kowa, ranar Asabar muke haɗuwa. Jifan gudu nake yi da hannun dama, amma kwanan nan ƙugu da gwiwar hagu suna damuna bayan wasa. Abokai na cewa in bar wa yara. Ko da yadda zan ci gaba? Daga mai karatu a Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ci gaba, amma jifan da ka yi kana ɗan shekara 20 ka sallame shi.

Gwiwar hagun nan ba haka kawai take ciwo ba. Mai jifa da dama a kan ƙafar hagu yake dira, kuma nauyin da ke sauka a kanta a wannan ƙiftawar ido ya ninka na jikinsa sau da yawa, ƙugu kuma yana murɗewa yana lanƙwasa. Sau shida ke nan a kowace oba, wato jerin jifa shida da mai jifa ke yi kafin wani ya karɓe shi. Ka haɗa da ƙasar Kano da rani, wadda take bushewa kamar daɓe, balle in a kan siminti kuke shimfiɗa tabarmar wasa.

Waɗanda suka daɗe a wannan fage da dabara suka daɗe. James Anderson na Ingila ya bar wasan Test, wato babban wasan kurket tsakanin ƙasashe, a 2024 yana da shekara 41, bayan ya fitar da masu bugu (masu bugun ƙwallo da sanda) 704 daga wasa, kuma abin da ya riƙe shi shi ne iya karkatar da ƙwallo a iska da sauke ta inda ya ga dama. Wilfred Rhodes kuwa, mai jifan murɗe a hankali, wato jifan da ake murza ƙwallo da yatsu, ya buga Test a 1930 yana da shekara 52.

Nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Filin jifa yadi 22 ne kacal, mai bugu a ƙungiyar sha'awa kuma bai cika faɗuwa don gudun ƙwallo ba, gajen haƙuri ne ke kayar da shi. Ka rage taku kafin jifa, in kana yin goma sha biyar ka dawo takwas. Ka ajiye hula a ƙasa inda kake son ƙwallo ta sauka, ka yi ta nufarta har hannu ya haddace. Sannan ka fara koyon murza ƙwallo da yatsu, domin busasshiyar ƙasa mai ƙura irin tamu tana kama jifan murɗe sosai. Ni a ganina babu abin da ya kai wannan daɗin kallo: dattijo ya yi wa saurayi tarko da jifa biyar, ya kama shi a na shida.

Kada ka yi sati a zaune sannan ka zo ranar Asabar ka zuba oba goma. Ka riƙa ɗan motsa cinya da baya a tsakiyar mako, ka ɗumama jiki kafin wasa musamman da sanyin hunturu, zafin Afrilu kuma a fita da sassafe.

In ciwon ƙugun ya fara sauka ƙafa, ko ka ji ta mutu, ko gwiwa ta kumbura tana ƙin miƙewa, ka dakata da jifa ka je asibitin ƙashi na Dala a duba ka kafin ka koma fili. Allah ya ƙara lafiya.