Amsar tambayar Kawu kan gina filin wasa a cikin unguwa

Kawu, ina gaisuwa, a gaida mini mutanen Birni baki ɗaya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a Amurka talakan unguwa kan gindaya wa attajiri sharaɗi kafin ya gina filin wasa. Ka tuna mini da hidimar Zinder Sabuwa ta 2018, wato gine-ginen da aka yi wa garin don bikin ranar Jamhuriyar Nijar, ka ce a Damagaram aiki in ya zo, sai dai mutum ya gan shi a ƙofar gidansa.

Da gaske ne, Kawu, amma ba don attajiran nan sun fi tausayi ba. Mai gini yana buƙatar fili, da izinin majalisar birni, sau da yawa har da kuɗin harajinmu. A wannan gaɓar ce mutanen unguwa ke riƙe shi, su ce ba za su goya masa baya ba sai an rubuta abin da za su samu. A Los Angeles a 2001, ƙungiyoyin unguwa da na ƙwadago suka sa masu faɗaɗa gini a gefen babban filin wasa na Staples Center suka sa hannu: dala miliyan 1 don wuraren shaƙatawa, kashi 20 cikin ɗari na gidaje masu rahusa, kuma a fara ɗaukar 'yan unguwa aiki.

Mu a Bronx, cikin birnin New York, darasinmu daban ne. An gina sabon Yankee Stadium, wanda aka buɗe a 2009, a kan filin da yaran unguwa ke wasa. An yi yarjejeniya a 2006 cewa ƙungiyar wasa ta Yankees za ta ba unguwa dala dubu 800 duk shekara har shekara 40, da tikiti dubu 15 kyauta. Sai dai zaɓaɓɓun 'yan siyasa ne suka sa hannu, ba ƙungiyoyin mazauna ba, kuma filin da aka musanya wa yara a gurbin tsohon ginin bai buɗe ba sai 2012. Wanda sunansa ba ya kan takarda, da wace hujja zai je gaban alƙali?

Shi ya sa Hausawan nan, direban tasi da mai kitso da mai shago, muka koyi zuwa taron majalisar unguwa ko da mun kwaso gajiya. Liman kan sanar bayan sallar Juma'a. Mata ma suna zuwa, kuma su suka fi mu tambayar kuɗin haya.

Na san abin da ke ranka, kana ganin kamar raina na gaba ne. Wallahi ba haka ba ne, Kawu. Muna girmama shugabanninmu kamar yadda kuka koya mana girmama mai unguwa da Sarki. Amma shugaba kan sauka, wani ya hau bai san alkawarin ba. In aka zo muku da maganar fili, ku roƙi mai unguwa ya tafi da 'yan kasuwa da samari, a rubuta yawan leburorin da za a ɗauka daga cikinku, da diyyar kowane gida, da ranar biya.