Kin Ce Gwiwarki Ta Allah Ce Kaɗai

Rahila kishiyata,

Ina gajiya, yaya Abuja da zafinta? Mu nan Jos sanyi ya sauko tun farkon Disamba, da asuba sai na haɗa suwaita biyu kafin yatsuna su iya buɗe Littafi. Ƙaninki ya kunna mini saƙon muryarki har sau uku. A na farko na yi dariya har tari ya sarƙe ni, a na uku kuwa jikina ya yi sanyi. Kin ce Asabar ta sama Bulus zai kai ki Tudun Wada ki gaida iyayensa, kuma a taron matasan cocinku wani ɗan'uwa ya koyar cewa gwiwar mai bi ta Allah ce kaɗai, durƙusa wa mutum ragowar bautar gargajiya ce. Shi ne kike tambaya ko ya isa ki miƙa musu hannu a tsaye.

Hannu, Rahila! Ga uban miji, ranar farko!

Ki gaishe mini da ɗan'uwan nan, kishinsa mai kyau ne, kuma na san inda ya dogara. Karniliyus ya fāɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya ɗaga shi ya ce shi ma mutum ne. To ai wannan sujada ce Karniliyus ya so yi. Ki ce wa ɗan'uwan ya buɗe Sarakuna ta fari sura 2 ya ga Sulemanu da duk sarautarsa, da uwarsa Batsheba ta shigo, ya taso ya rusuna mata, ya sa aka ajiye mata kujera a damansa. Yakubu sau bakwai ya sunkuya har ƙasa kafin ya isa gaban wansa Isuwa. Littafin Firistoci 19:32 kuma cewa ya yi a miƙe tsaye a gaban mai furfura. Su can tashi suke yi, mu nan sauka muke yi. Ni dai waɗannan ayoyi na haddace su tun ina makarantar Lahadi, amma ba su shiga gwiwata ba sai ranar da na riƙe wa wata tsohuwa ƙwaryar acca.

A 1972 ne, shekarar da motoci suka koma hannun dama, ana saura kaɗan a daina fam da sule. Muna haya a Bukuru, ciki da falo, ina koyarwa a firamare da takardata ta Gired Tu, ina jin babu kamata a gidan. Babanki yana jariri. Uwar kakanki ta zo daga ƙauye yi mini wankan jego, aka yi arba'in ba ta koma ba, aka yi wata uku tana nan. Ba ta bari in ajiye yaron. Da tsakar dare sai in farka in gan ta durƙushe a bakin gado, ta kara kunne a ƙirjinsa. In na goya shi ta kwance, wai na ɗaure majanyi da yawa. Wata Asabar da safe ina masa wanka ta fizge shi daga hannuna, ta ce ruwan ya huce. A tsaye na ba ta amsa, hannu a ƙugu. Na ce ni na yi makaranta, na san rainon ɗa, ba sai wadda ba ta san bihim ba ta koya mini. Uffan ba ta ce ba. Na haɗa kayana a akwatin ƙarfe, na saɓa yaro a baya, sai tashar jirgi, zan bi na Kafanchan in tafi gidanmu yaji.

A bakin ƙofar gidan akwai Mama Tabita, zaune a kujera 'yar tsugunno da ƙwarya biyu tana rege acca. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙasa da kwano a ramukan kuza, irin waɗanda suka zama tafkunan da kike gani yau a Rayfield da Bukuru. Tsakiyar kanta babu gashi ko ɗaya, kwano ya cinye, wuyanta kuma ba ya juyawa sai ta juya jiki duka. Ba ta iya karatu ba. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ita kuwa ta shekara wajen arba'in tana jin ana karanta shi, in Fasto ya ɗauko aya a kan bagade sai ki ji ta ƙarasa masa ƙasa-ƙasa. Ita ke buga tulu in Zumuntar Mata suna waƙa.

Na ce mata sannu Mama, a tsaye, ina tafiya. Ta yi magana, ban ji ba. Na ce na'am? Ta maimaita, ba ta ɗaga murya ko kaɗan ba. Dole na sauke akwati na sunkuya, har yanzu ban ji ba, sai da gwiwoyina suka kai ƙasa, cikin jiƙaƙƙen wuri, da zanena na fita unguwa. Ashe cewa take, "Riƙe mini ƙwaryar nan, 'yata, hannuna ya gaji."

Na riƙe. Tana juya tata a hankali, ruwa yana zagayawa, accan tana gangarowa kaɗan-kaɗan ta leɓen ƙwarya zuwa cikin tawa, yashi yana kwanciya a gindi. Ta zubar, ta sake ɗibo ruwa, ta sake. Ko kallon akwatina ba ta yi ba. Can ta ce haka suke wanke kuza, sai dai a can abin da ya kwanta shi ake nema. "Abin da ya yi sama, ruwa ke tafiya da shi. Mai nauyi ƙasa yake zama." Sai ta tambaye ni ko na san 'ya'ya nawa surukata ta binne kafin ta haifi mijina. Na ce ban sani ba. Ta ɗaga yatsu huɗu, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta ce na ukun a bayanta ya cika, suna dawowa daga gona, tana ta yi masa waƙa a hanya, ba ta sani ba sai da ta isa gida ta kwance goyo.

Rahila, shekara biyu ina auren mutumin nan, ban taɓa jin wannan ba. Na ji kukan jirgi daga tasha, ban motsa ba. Babanki yana barci a bayana, ina jin numfashinsa a wuyana, sai hawaye suke zuba cikin accan mutane. Da muka gama ta karɓi ƙwaryarta ta ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in kin tashi da tsawonki za ki tashi. Balle wadda ta haifa miki miji."

Na koma ciki na durƙusa a gaban surukata, bakina ya kasa haɗa magana. Ta dube ni ta ce, "Tashi, ruwan ya yi zafi yanzu. Kawo shi." Tare muka yi masa wankan. A hannuna ta cika bayan shekara goma sha bakwai, kuma duk abin da na sani na jinya da haƙurin aure daga bakinta na ji shi, ina zaune a ƙasa ina tsince mata wake.

Abin da ke damuna da ku ke nan. Kuna da kirki, ba na musu, ƙarshen wata bai taɓa wucewa ban ji alat ya shigo ba. Amma gaisuwarku a tsaye take, da waya a hannu, ƙafa ɗaya a waje. A coci kuma kun tattara kun koma sujadar Turanci, kun bar mu a ta Hausa muna kallon furfurar juna, yaushe za ku ji abin da ke cikinmu? Innata takan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Rehobowam ya tura dattawan ubansa gefe ya bi shawarar sa'o'insa, kabila goma suka ɓalle masa. Na sani akwai tsofaffin da girman kawai suke so, babu abin bayarwa a bakinsu sai faɗa, kuma surar Afisawa da ta ce a girmama iyaye ita ce ta ce wa ubanni kada su tsokani 'ya'yansu. Wannan tsakaninsu da Ubangiji ne.

Ni ma da laifina. Mama Tabita ta san yadda bishara ta shiga ƙauyensu, wa ya fara tuba, wa aka kora daga gida, ta san waƙoƙin da babu su a Littafin Waƙoƙi. Ni ce mai alƙalami a gidan nan, kullum ina cewa sai an yi hutu zan zauna in rubuta. Ta tafi da su duka. Har yau in mata suka ɗauki tulu a coci sai ƙirjina ya yi nauyi.

Batun Asabar kuwa, ki ɗaura zane, kada ki sa matsattsen siket ɗin nan da ba ya barin ƙafa ta lanƙwashe, kuma kada ki shiga gidan mutane hannu rabbana. Ki taso ranar Juma'a da wuri, kada dare ya same ku a Hawan Kibo. Nan za ki kwana. Na sa an auno mini acca mudu biyu zan yi miki gwate, ke za ki rege ta, in ga ko uwarki ta koya miki.

Kakarki